Babi na 6: Goyon ƙirji ga bakwaini

Darasi na 1: Karanta awo

Iyayena mata, kowa ta fito da katin asibiti ta nemi inda aka rubuta nauyin jariri. Za ki ga lamba, sai ɗigo, sai wata lamba, kamar haka: 2.5. Kilo biyu da rabi ake karantawa, ba ashirin da biyar ba. Ɗora yatsa a kan ɗigon ki sake faɗa. Madalla. Jaririn da bai kai 2.5 ba ya yi ƙanƙanta. Wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 kuwa, bakwaini ne a wurin likitoci, ko da ya haura wata bakwai.

Darasi na 2: Ɗaura goyo

Sanyi shi ne babban abokin gabar bakwaini. A 1978, a wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya, kwalaben jarirai suka yi kaɗan, sai aka fara ɗora su a ƙirjin uwayensu. Da, sai jariri ya ɗan yi ƙwari a kwalba ake fara wannan goyo. A 2021 aka fitar da sakamakon gwaji a kan jarirai 3,211 daga Nijeriya, Ghana, Indiya, Malawi da Tanzaniya. Na Nijeriya a Ile-Ife aka yi. Waɗanda aka goya tun daga haihuwa, mutuwarsu ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa farawa nan take. A asibiti ake koya miki, ki ci gaba a gida.

Ɗauko 'yar tsanarki da muke gwaji da ita a madadin jariri. Cire mata riga. A bar hula, safa da famfas kawai. Ke ma buɗe gaban rigarki. Ki tsayar da ita tsakanin nonuwa, kai ya juya gefe guda, haɓa ta ɗan ɗago, ƙafafu a buɗe kamar na kwaɗo. Sannan ki ɗaure da zani, bakinsa ya tsaya daidai ƙasan kunne.

Yanzu zura hannu ki laluba. Akwai tsumma tsakanin fatarki da tata? In akwai, kwance, a sake. Fata da fata. Kada ki ji kunya, kowa a nan yake tuntuɓe, saboda mun saba goyo a baya, da riga da majanyi. Wannan a gaba ne, kuma ba riga. Zafin jikinki ne ke ɗumama jariri, tsumma kuwa tare zafin yake yi. Sake lalubawa.

Makon jiya wata baba a ajinmu ta naɗe 'yar tsanarta da tawul biyu, ta ce "Ai tausayi na ji, malama." Na gane, baba, amma tawul a waje yake, ya rufe ku tare. Na faɗa sau nawa? Har yau ina ganin singileti a ƙarƙashin zani. Haba jama'a! Wadda ba ta cire riga ba, ba ta yi darasin nan ba. Rubuta a littafinki sau biyar: fata da fata.

Awa 8 ne mafi ƙaranci a rana, har zuwa 24. In za ki yi wanka, miƙa wa maigida ko kaka. Su ma su buɗe ƙirji.

Darasi na 3: Nono da wanka

A ba shi dakashi, kada a zubar. In ya kasa tsotso, a tatsa a ƙaramin kofi. Ba ruwa, ba jiƙo, sai nono zalla har wata 6. Wanka kuwa ya jira aƙalla awa 24.

Darasi na 4: Alamomin haɗari

Ƙin shan nono, jiki ya yi sanyi ko zafi, numfashi sama-sama, jijjiga, tafin hannu ya yi ɗorawa. Ko ɗaya kika gani, asibiti. Ku kwafe kalmomin, ku zo da 'yar tsana ran Talata.