Yadda ake juyen man gas daga ƙaramar tanka ba tare da an jawo gobara ba

Ƙananan tankokin nan da ke kai wa bankuna da asibitoci da turakun sabis man gas na janareta, gidan mai ne sukutum aka ɗora a mota. Akwai famfo da injin motar ke juyawa, daga shi man ya bi ta mita ya shiga tiyo. Cikin tankin kuma an gitta ƙarafa don rage tambal-tambal ɗin mai, duk da haka rabin lodi yafi cikakke wahalar tuƙi, a kwana sai a hankali.

In kun iso, direba ya faka ta yadda hancin motar na kallon hanyar fita, ya ja hambirki, yaron mota ya sa waigi. A kashe janaretan da za a ba mai, a sauko da abin kashe gobara a ajiye kusa, mai shan taba da mai shayi duk su matsa.

Sai wayar nan mai kilif da ke sauke lantarkin da mai ke tarawa, wadda ita ce mutane suka fi rainawa kuma wallahi abin na damuna. Mai in yana gudu cikin tiyo gogayya na tara mishi lantarki, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe, to ka maƙala wayar daga jikin motar zuwa ƙarfen tankin da za ka cika tun kafin ka buɗe murfi, a ƙarfe tsirara ba kan fenti ba, kuma ita ce ƙarshen cirewa. Man gas baya saurin kamawa kamar fetur, gaskiya ne, amma in tankin motar ya ɗauki fetur jiya tururinsa na nan, ƙyastu ɗaya ya isa.

Ka zura sandar awo ka san lita nawa tankin zai ci, mita ta koma sifili a gaban mai kaya, ka fara a hankali. Kar ka sake bakin tiyo ka tafi amsa waya, kar ka cika taf, mai na kumbura in rana ta yi.

In ya zube a tsayar da famfo a rufe da yashi, banda ruwa, kuma a kori masu zuwa da bokiti ko da za su ji haushi. A Majiya ta Jigawa, Oktoban 2024, kwasar fetur ɗin tankar da ta faɗi ce ta ci sama da mutum 150.