Shirya ɗan lambun ƙofar gida a Marwa ta Kamaru

Da farko dai duba inda ruwa ke taruwa in an yi sama, nan za ka shuka. Ciyawar turawa kam manta da ita, zafin Afrilu zai ƙone ta ƙurmus.

Sai ka haƙa rami, ka gauraya ƙasar da tsohon takin shanu. Lalle a jikin katanga, zogale ɗaya ko biyu, kariya mai fure a bakin ƙofa amma fa a kula da yara don ruwanta guba ne, darbejiya kuma nesa da gini saboda saiwa.

Dasawa sai damina ta zauna, wajen Yuli. Rufe gindin da ɓawon gyaɗa, ka binne tulu kusa kana cika shi da ruwa lokacin rani.

Ka kewaye da ƙaya, awakin unguwa ba kunya wallahi.