Idan likita ya ce ku ɗan fita: matasa da taba a Amurka

Iyaye sababbin zuwa Amurka sukan ji wani banbaraƙwai ranar da suka kai yaro duba lafiyar shekara, likita ya ce su ɗan jira a waje. Kada ranku ya ɓaci. Daga wajen shekara 11 likitocin yara ke fara keɓewa da yaro su tambaye shi batun taba, don babu ɗan da zai amsa wannan a gaban mahaifinsa. Abin da ya faɗa yakan zama sirri, sai fa idan rayuwa na cikin haɗari.

Dalilin wannan tambaya a fili yake: kusan tara cikin goma na manyan da ke shan sigari kullum sun fara ne kafin su wuce shekara 18. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama girma sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin, sinadarin taba mai sa mutum ya kasa dainawa, ke saurin kama matashi.

Inda ake samun kuskure shi ne yaro ya ce "ba na shan taba" da zuciya ɗaya, alhali yana zuƙar sigarin lantarki, wanda yaran can ke kira vape, ko shisha. Ku gaya masa tun a gida cewa duk suna cikin lissafi. Sigarin lantarkin ƙarami ne, wani kamar biro, ƙamshinsa na mangwaro ko na'ana'a, ba ya barin wari a riga, don haka hancin uwa ba zai kama shi ba. Ku lura da tari mai naci, saurin haki a wajen ƙwallo, da fuka da ke yawan tashi. Shisha ma ruwanta ba ya tace gubar hayaƙin.

Ku ma za a tambaye ku ko akwai mai sha a gida ko a mota. Ku faɗi gaskiya, domin hayaƙin na jawo wa ƙananan yara ciwon kunne da fuka. In Turanci bai zauna ba, ku nemi tafinta, asibiti kan samar kyauta.

Tun Disamban 2019 doka ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 21 taba kowace iri. In yaro ya riga ya kamu, duka ba zai raba shi da ita ba, a Amurka kuma yana iya jawo muku hukumar kare yara. Kwana biyu zuwa uku na farkon dainawa su ne mafi wuya: fushi, rashin barci, ciwon kai. Cingam ko filastar nikotin, masu taimakawa wajen dainawa, ga ɗan ƙasa da shekara 18 sai da takardar likita. Lambar 1-800-784-8669 kyauta ce ga mai neman shawarar dainawa.