Babi na 7: Neman Takarda a Ofishin Gunduma

Iyayena da yayyena na ajin dare, sannunku da ƙoƙari. Wannan babin na mu ne da muke zaune a Greensboro da kewayenta, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Ku karanta shi da fensir a hannu. Duk kalmar da ta gagare ku, ku ja mata layi a ƙasa, mu duba ta tare ranar aji. Babu gaggawa. Gemu ba ya hana ilimi.

Darasi na 1: Wace gunduma, wace ƙofa?

Jiharmu an yanka ta kashi 100, kowane kashi da hukumarsa, kamar yadda aka yanka jihohin gida ƙananan hukumomi. Kowane kashi shi muke kira gunduma. A jikin takarda za ku gan shi da haruffa shida: C-O-U-N-T-Y. Ku rubuta su sau uku a littafinku. Tamu gundumar sunanta Guilford. Ku rubuta shi ma: G-U-I-L-F-O-R-D.

Gunduma daban, birni daban. 'Yan sandan Greensboro da kuɗin ruwan famfo na hukumar birni ne. Takardar haihuwa, ta aure, ta rasuwa, ta mallakar gida da harajin gida, waɗannan a wajen gunduma ake nemansu.

Yawanci takarda tana zama a gundumar da abin ya faru, ko da kun tashi daga can tuntuni. Yaron da aka haifa a Greensboro, takardarsa tana Guilford. In a Winston-Salem aka haife shi, ku fara da gundumar Forsyth. Charlotte tana Mecklenburg, Raleigh tana Wake. Wanda aka haifa a Maraɗi ko Kano ko Kumasi kuwa, babu gundumar da ke da takardarsa a duk ƙasar nan. Wannan sai gida.

Ga ƙofofin da za ku fi bukata, da sunayensu yadda suke a rubuce:

Register of Deeds: ofishin rajista. Haihuwa, aure, rasuwa, takardar gida da fili. A Guilford yana da ofishi a Greensboro, yana da wani a High Point.

Tax Department: ofishin haraji. Wane ne mai gida kaza, nawa aka ƙiyasta gidan, nawa ne harajinsa.

Clerk of Superior Court: magatakardan kotu. Takardar saki da ta shari'a suna wajensa, a ginin kotu. Kada ku je ofishin rajista neman takardar saki.

Wata magana ga ma'aurata. Takardar aure tana samuwa a gunduma ne idan an yanki lasisin aure tun kafin ɗaurin auren. Kuɗinsa dala 60, yana aiki kwana 60, kuma wanda ya ɗaura auren shi zai sa hannu ya mayar da shi ofishin rajista. Idan an ɗaura a masallaci ba tare da wannan lasisin ba, kada ku wahalar da kanku, ba za a sami komai a littafin gunduma ba. Ku same ni mu yi magana a keɓe.

Darasi na 2: Haƙƙinku ne

Na ga dattawa sun tsaya a bakin kanta suna ta ba da haƙuri kamar masu roƙon alfarma. Ku ɗaga kai. Jihar nan tana da doka tun 1935, ana kiran ta Babi na 132, wadda ta ce takardun da hukuma ke ajiyewa mallakar jama'a ne. Dokar ta ce kowane mutum yana iya neman ya gani, ba ta keɓe 'yan ƙasa ba. Ta kuma ce ba za a tilasta wa mai nema ya faɗi dalilinsa ba. Dubawa da ido kyauta ne, kwafi ne ake biya.

Za ku ji wasu suna cewa FOIA. Waccan dokar neman takardun gwamnatin tarayya ce ta 1966, ba ta hau kan gunduma ba. Ku bar ta.

Kwafin takardar haihuwa, aure ko rasuwa iri biyu ne. Akwai mai hatimi, kuɗinsa dala 10, shi ake karɓa wajen yin fasfo. Wannan ba kowa ake ba ba: sai mai takardar, ko mijinta ko matarsa, iyaye, kakanni, 'ya'ya, jikoki, ko wa ko ƙane ko ya ko ƙanwa, ko lauya da wakilin da doka ta yarda da shi. Za a nemi katin shaida mai hoto, kamar lasisin tuƙi ko fasfo. Akwai kuma kwafi maras hatimi, mai araha, na karantawa kawai. In fasfo za a yi wa yaro, ku ce mai hatimi. Kalmar ita ce C-E-R-T-I-F-I-E-D.

Darasi na 3: Suna da kwanan wata

Ku gyara zama. A nan kusan kowa yake tuntuɓe.

Ma'aikacin ofis bai san ku ba, bai san ɗanku ba. Abin da kuka rubuta a fom shi zai buga a kwamfuta, harafi bayan harafi. In harafi ɗaya ya sauya, yana iya nema ya rasa. Don haka ƙa'idar wannan darasin guda ɗaya ce: kada ku rubuta suna da ka. Ku kwafa.

Me nake nufi da kwafa? Ku ɗauko wata takarda da ke ɗauke da sunan: katin asibiti, katin allurar rigakafi, tsohon kwafi. Ku ajiye ta a gefen fom. Ku ɗora yatsa a kan harafin farko. Ku rubuta shi. Ku matsar da yatsa zuwa na biyu. Ku rubuta shi. Haka har ƙarshe. In kun gama, ku koma farko ku ƙirga haruffan takardar, ku ƙirga na fom. In wannan tara ne, wancan ma ya zama tara.

Ga dalili. Suna ɗaya ne a bakinmu, amma a takarda ya rabu. Mutumin Najeriya yana rubuta Abubakar. Mutumin Nijar, da rubutun Faransanci, yana rubuta Aboubacar ko Boubacar. Akwai Yusuf, akwai Issoufou. Akwai Muhammadu, akwai Mahamadou. Akwai A'isha, akwai Aichatou. Mu a wajenmu mutum ɗaya ne. Kwamfuta mutum biyu take gani. Wanda aka rubuta ranar haihuwa a asibiti shi ne yake cikin littafin gunduma, ko da ba shi kuka fi so ba, ko da ma'aikaciyar asibiti ce ta yi kuskure a ranar. Ku nema da shi yadda yake. Gyaran kuskure wani aiki ne daban, da fom ɗinsa.

Fom yana da gurbi uku. First, sunan yanka. Middle, na tsakiya, in babu a bar shi fili. Last, sunan ƙarshe, wato na uba ko na kaka. Kada ku sa sunan uba a gurbin farko. Kada ku sa Alhaji, ko Hajiya, ko Malam, ko laƙabin gida, sai in yana jikin takardar. Za a kuma tambayi sunan uwa kafin aure. Yawancin matanmu ba su canza suna ba, to Hajiya, sunanki da na mahaifinki za ki rubuta, shi ma a kwafe daga fasfonki.

Mu sake. Takarda a gefe. Yatsa a kan harafi. Rubuta. Matsar da yatsa. Rubuta. Ƙirga.

Sai kwanan wata. A gida mukan fara da rana, sai wata, sai shekara. A Amurka wata ne a gaba. Wata, rana, shekara. Ku faɗa da baki sau uku: wata, rana, shekara.

Janairu 01, Fabrairu 02, Maris 03, Afrilu 04, Mayu 05, Yuni 06, Yuli 07, Agusta 08, Satumba 09, Oktoba 10, Nuwamba 11, Disamba 12.

Yaro an haife shi 7 ga Fabrairu 2016. Za ku rubuta 02/07/2016. In kuka rubuta 07/02/2016 irin na gida, ma'aikaci zai karanta 2 ga Yuli, ya je yana neman yaron da aka haifa wata biyar bayan naku. Idan ranar ta wuce 12, kamar 25 ga Disamba, ma'aikaci zai lura, don babu wata na 25. Haɗarin yana tsakanin 1 da 12, inda kuskuren ba ya nuna kansa.

Wani bawan Allah a ajinmu na bara ya bar aikinsa na yini guda, ya shiga bas biyu, ya dawo hannu wofi. Ya zo mini ransa a ɓace yana cewa an ɓatar da takardar 'yarsa. Na ce ya nuna mini abin da ya rubuta. Ya juya wata da rana, ya kuma rubuta sunan da ka, ya bar harafi biyu. Muka zauna muka kwafa tare. Da ya koma, bai daɗe ba ya fito da takardar. Ba rashin basira ba ne, mutum ne mai lissafin kasuwa da ka. Sabo ne kawai, kuma sabo ana sauya shi.

Amma zan faɗi gaskiya, iyayena, ku yi haƙuri da ni. Wannan ne karo na uku da nake koyar da wannan darasin, kuma har yanzu ina karɓar aikin gida da aka rubuta da ka. Na ce a ajiye takarda a gefe, wasu sun bar ta a gida. Na ce a ƙirga haruffa, wasu sun ce ai sun san sunan ɗansu. Ba wanda ya ce ba ku san sunan ɗanku ba! Abin da ake tambaya shi ne yadda aka rubuta shi. Wasu kuma sun miƙa wa yaro ɗan shekara goma fom ya cike musu yana kallon waya. In haka za a yi, me ya kawo ku aji bayan gajiyar aiki? Kuɗin bas naku ne, yinin da za a rasa naku ne. Minti biyar na kwafa ya fi muku wahalar komawa sau biyu?

To, mu sake, a hankali. Takarda a gefe. Yatsa a kan harafi. Wata, rana, shekara.

Aikin gida: ku rubuta waɗannan da lamba irin ta Amurka. 3 ga Afrilu 2019. 11 ga Janairu 2008. 9 ga Oktoba 2021. Sannan ku kwafa cikakken sunan mutum biyu na gidanku daga takardunsu, ku rubuta yawan haruffan a gefe. Ku zo da takardun. Wanda bai zo da su ba, ba zan duba aikinsa ba.

Darasi na 4: Takardar da ba ta da fom

Wasu takardun ba su da fom, kamar bayanin taron kwamishinonin gunduma, ko kasafin kuɗi, ko rahoton duba tsabtar gidan abinci. Ku fara duba shafin gunduma a intanet, da yawa suna can kyauta. Sunan mai gida ma yana can. Kafin ku ba wani kuɗin ajiya na haya, ku buga adireshin gidan a shafin ofishin haraji ku ga sunan wa ya fito.

In ba ku samu ba, ku rubuta imel ko wasiƙa ga ofishin da ke riƙe da takardar. Ku nemi takarda, kada ku yi tambaya. "Me ya sa harajin gidana ya ƙaru?" tambaya ce, kuma doka ba ta tilasta musu su ƙirƙiro takardar da babu ita don su amsa muku ba. Ku ce: "Ina neman kwafin takardar ƙiyasin gida mai adireshi kaza, ta shekara kaza." Ku rubuta da Hausa ku kawo, mu juya zuwa Turanci tare. Adireshin a kwafe, kwanan wata irin nasu. Ku tambayi kuɗin kafin a yi kwafi. Kada ku sa sirrinku a ciki, don wasiƙar taku ma tana shiga takardun hukuma.

Darasi na 5: Jira

Dokar jiharmu ba ta yanke kwanaki ba, ta ce dai a amsa da wuri gwargwadon iko. Ku rubuta ranar da kuka aika. In mako biyu ya wuce shiru, ku sake tuntuɓa da ladabi. Masu 'yan uwa a New York, tasu dokar daban ce, can kwana 5 na aiki aka ba ofis ya amsa.

Darasi na 6: In an hana

Wasu takardun a rufe suke, kamar binciken laifi da bayanan asibiti na mutane. In an hana ku, dole a faɗi dalili. Ku ce a rubuta muku shi a takarda, doka ta ba ku wannan. Ku kawo mini takardar ranar aji. Sauran sai lauya.

Aikin gida: ku sake yin na Darasi na 3.