Kafin ka sauya wa tsohuwar a-kori-kura inji

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, duk mai tsohuwar a-kori-kura a Zariya zancensa ɗaya ne, a sauke inji a ɗora wanda ba ya shan mai. Ni ma da Hilux nake ɗauko masara daga Giwa zuwa Sabon Gari, kuma sau biyu na sauya mata inji. Karon farko asara na tafka.

Fara da awo. Cika tanki fal, ka rubuta lambar kilomita, ka je Kaduna daga Zariya ka dawo da irin lodin da ka saba, sannan ka sake cikawa a famfo ɗaya. Tafiyar kusan kilomita 160 ce. Idan lita 20 ta shiga, kilomita 8 kenan a kowace lita. Daga nan a wanke kafireta, a sa sabbin filogi, a duba iskar taya, ka sake aunawa. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.

Idan injin ya gaji da gaske, yana hayaƙi yana cin baƙin mai, to kada ka ruɗu da ƙaramin inji. Nawa na asali 22R ne mai lita 2.4, na sa aka ɗora 2Y mai lita 1.8 don in rage kashe kuɗi. Motar ba kaya lafiya lau. Ranar da na loda buhu goma sha biyar kuwa, ƙafata ba ta bar totur ba, a giya ta uku na yi rabin hanya, allurar zafi tana hawa ina kallo. Bakanikena ya ce, "Alhaji, ai jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi sai ya ci abincin raƙumi." Man da na sha ya fi na da.

Yanzu 3RZ ne a ciki, mai lita 2.7, na injekta. Ya fi girma, amma ba ya wahala, kuma injekta ta fi kafireta iya auna mai. Sai dai ka saye shi da birenbos ɗinsa (kwamfutar da ke sarrafa injin) da wayoyinsa gaba ɗaya, ka nemi rewaya wanda ya san aikin. Injin dizal irin 3L ya fi tsimin lita, amma ka lissafa farashin dizal tukuna, kuma yana son giyabos da bakasil (abin da ke juya tayoyin baya) da suka dace da shi, in ba haka ba, zai yi ta ihu a kan hanya ba gudu.

Wajen saye, ko a kasuwar Panteka ta Kaduna ko a ta Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da bakanikenka, a tayar da injin a gabanka. Buɗe murfin baƙin mai. In ka ga ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, bar shi. Sa a wanke lagireto ko a sauya babba. Ka karɓi rasit mai lambar injin, ka kai a gyara takardun motar kafin ka hau titi.