Yadda Ƙungiyar Manoma a Gombe Za Ta Fitar da Wake Zuwa Kamaru

Manomi ɗaya mai buhu goma ba zai iya ɗaukar kuɗin mota da takardu ba. Ku haɗu a ƙungiya mai rajista, ku tara kayan da zai cika tirela ɗaya.

Ku fara da bushewa. Damshin wake kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Ciji ƙwaya ɗaya, in ta fashe ƙaras, ta bushe. Ku zuba a buhun PICS, wato buhun ajiya mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga don ƙwari su mutu, ku ɗaure kowace leda daban. Zuba maganin ƙwari kai tsaye cikin wake haɗari ne ga mai ci, kuma yana sa a ƙi kayan.

Takardu uku ne ginshiƙi: rajistar NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya), fom ɗin NXP (fom ɗin fitar da kaya) ta banki, da shaidar lafiyar amfanin gona daga NAQS (hukumar tantance lafiyar kayan noma ta Najeriya). Kada ku cusa masara a cikin lodin, tana jerin kayan da aka hana fitarwa, kwastan na iya kama motar duka.

Kamaru ba ta cikin ECOWAS, don haka rangwamen harajin ECOWAS ba ya aiki a iyakar Mubi. Sefar Kamaru kuma daban take da ta Nijar. Ku tsayar da farashin canji da mai saye kafin mota ta tashi daga Gombe.