Yadda Ake Tsara Alamar Kuɗin Ƙasa

Da farko, a ɗauki harafin farko na sunan kuɗin a ratsa shi da layi, kamar ₦ ta naira, wadda ta maye gurbin fam a 1973. Ana iya buɗe gasa ga jama'a, yadda Indiya ta yi kafin ta amince da alamar rupi a 2010. Sai dai babban gwaji, a ganina, shi ne a miƙa wa mai shinkafa a kasuwar Wuse ta Abuja biro da kwali. Idan ya kasa rubuta alamar nan take, a sake zane. Bayan amincewar babban banki, wajibi ne a shigar da ita cikin tsarin Unicode, wato kundin haruffa da alamomi na duniya da na'urori ke amfani da shi, in ba haka ba waya da kwamfuta za su riƙa nuna ɗan akwati a madadinta.